Wasiƙa ga 'Yata Kan Ɗan Harafin S na Turanci

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya karatu? Mu nan lafiya lau, mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Na karanta insha'in da kika turo ta WhatsApp. Tunaninki ya tsaru, sai dai a layi na uku kin rubuta "my brother walk to school every day", can ƙasa kuma "the farmers works hard". Inda ake neman s babu shi, inda ba a nemansa ga shi zaune. Masu makin WAEC ba sa ɗaga ƙafa a kan wannan, kuma kin sani, in babu kiredit a Turanci, babu zancen jami'a.

Kunnenki da Hausa ya saba. Mu wakilin suna ke ɗaukar kayan: ina tafiya, kina tafiya, yana tafiya, suna tafiya, ita tafiyar ko gezau. Turanci ma kusan haka yake: I walk, you walk, we walk, they walk. Wuri ɗaya tak aikatau ke motsi, wato in mai aikin he ne, ko she, ko it, ko duk abin da ɗayansu zai iya maye gurbinsa: my brother walks, the goat walks. Kafin ki ajiye alƙalami, tambayi kanki: mai aikin nan shi kaɗai ne? Ba ni ba ce, ba kuma wanda nake wa magana ba ne? To ki liƙa masa s.

Abin da ke rikita ɗalibai shi ne an koya musu tun firamare cewa s alamar jam'i ce. A jikin suna haka ne, amma a jikin aikatau tilo take nunawa. Ki ɗauke ta kamar buta ɗaya a gida, in tana hannun wannan ba ta hannun wancan: the farmer works, the farmers work. Sai ki kula da irin su children da people, jam'i ne ko da babu s a jikinsu, don haka children work za ki ce. Haka in does ya shigo, ya riga ya karɓe butar: she does not walk, does he walk?

Rubutun ba wuya. Watch, wash, pass da fix es suke ɗauka. Study ya koma studies don baƙi ne ya gabaci y, play kuwa plays ne don wasali ne a gabanta. A baki, s ce a walks, z a plays, iz a watches. Kada ki haɗiye ta, wanda ba ya furta ta ba ya rubuta ta.

Saura wanda ya fi damuna. In Bahaushe ya ce "yana sayar da goro a Kurmi", ƙila sana'arsa ke nan, ƙila yanzu haka yana bakin ciniki. Bature ya raba su: he sells na sana'a da al'ada, he is selling na abin da ke gudana yanzu. Dabarar ita ce ki gwada lokaci sabau. In "yakan sayar" ya zauna daram, sells za ki rubuta. Su kuma know da want ba sa son ing, kada na ƙara ganin "I am knowing him", ko da kin ji manya da digiri suna faɗa.

Kullum bayan Isha ki zaɓi mutum ɗaya a makarantarku, ko mai gadi ko mai dafa abinci, ki rubuta jimla biyar kan abin da yakan yi. Sannan ki mayar da su jam'i, ki kore su da does not da do not, ki karanta da ƙarfi. Ki turo mini na farko ranar Juma'a. Kuɗin littafin da kika ce na tura ta hannun yayanki.

Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Mahaifinki