Zuwa ga 'yata, kan yajin mai tsire

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu? Mu nan gida lafiya lau.

Na karanta rubutun Turancin da kika aiko mini. Madalla, hannunki ya faɗa, Allah ya yi miki albarka. Wuri ɗaya ne ya tsaya mini, inda kika sa "scatter" wajen mai tsire da yajinsa. Uwata, da haka ya yi, da rabin yajin ya ƙare a ƙasa, sauran a idon masu saye. Barbaɗawa yake yi, da ɗan yatsu, kaɗan-kaɗan, kuma wannan "sprinkle" ne.

A nan Hausa ta fi Turanci yalwa. Mu muna barbaɗa gishiri, mu yayyafa ruwa a tsakar gida kafin shara, su kuwa kalma ɗaya suke sa wa duka biyun. "Scatter" kuma watsawa ce ba tsari, kamar yadda Innarki take watsa wa kaji tsaba, ko yadda kajin suke watsewa in shaho ya kawo sura. Na san a bakin 'yan makaranta komai "scatter" ne, har ɗakin da ba a gyara ba. Mai duba jarrabawar WAEC ba zai bi ki a haka ba.

Idan 'yan sanda suka tarwatsa taro, ko mutane suka tashi daga ɗaurin aure kowa ya kama gabansa, jarida "disperse" za ta rubuta. Idan kuma barkono aka baza a tabarma don ya bushe, ko aka shafa wa burodi bota, "spread" ne, domin abin yana bin fuskar wurin ne. "Strew" ba kasafai za ki ji shi a baki ba, sai a littafi, galibi a siffar "strewn", kamar filin kasuwa da ledoji suka cika bayan an tashi.

Wadda ta fi burge ni ita ce "broadcast". Asalinta yafa iri ne da hannu a gona, kafin rediyo ya zo a shekarun 1920 ya ɗauke ta. Mu ma ai watsa labarai muke cewa.

To kafin ki rubuta, ki fara tambayar kanki da Hausa me hannun yake yi, sannan ki buɗe ƙamus. Ki gyara wancan layin ki sake turo mini kafin Juma'a. Innarki ta ce in tambaye ki ko kilishin ya iso.

Mahaifinki