Zuwa ga Babana, kafin a sa rana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen Kaduna? Mu nan duk lafiya lau, Abbanku yana gaishe ka. Ka san akwai kunya tsakanina da kai, maganar nan kuwa ba ta son a yi ta rabi-rabi, shi ya sa na rubuto.

Ranar da ka zo gida na ji ka kana waya da yarinyar nan da kake neman aurenta. Ba laɓe na yi ba, muryarka ce ta cika tsakar gida. Ka tambaye ta wa ya ba ta izinin zuwa bikin ƙawarta. Ka ce ta turo maka lambar sirrin wayarta kafin magariba. Sannan ka ce, "Kin san nawa na kashe a kanki kuwa?" Da ƙanwarka ta yi maka magana ka ce ai so ne ya jawo. Ko sadaki ba a karɓa ba, Babana. Yarinya tana gaban iyayenta, su ke ci da ita, su ke da ikon ba ta izini.

Na yi shekaru ina aikin jinya, na ga matan da ake kawowa da kumburarren ido ko karyayyen haƙarƙari. A gaban dangi za su ce santsi ne ya kwashe su a banɗaki, ko ƙofa ce ta buge su. Sai an watse, ina wanke ciwon, mace za ta ce a hankali, "Wallahi yana sona, kishi ne ya yi masa yawa." In ka bi labarin daga tushe, da wuya ka samu wadda aka fara da mari. Tun a wajen zance aka fara: kada ki kula wane, cire hoton nan, wa ya kira ki, me ya sa kika daɗe ba ki ɗauka ba. A lokacin daɗi take ji, ƙawaye suna ce mata ta yi dace, ta samu mai mutuwar sonta.

Ba kai ka ƙirƙiro wannan ba, mu muka koya muku. Yaro yana tasowa yana gani a finafinai da littattafan soyayya cewa namijin gaske shi ne mai naci, wanda in an ce masa a'a sai ya ce jan aji ne, ya tare hanya, ya kori abokan takara, a ƙarshe a ɗaura aure kowa ya yi murna. Yana jin samari na cewa in ba ke ba sai rijiya, ba mai tambayar wa za a tura rijiyar ranar da ta ƙi. A majalisa ana tsoratar da shi da sunan mijin-ta-ce. Ita kuma mace, daren da za a kai ta, mu iyaye mata mukan zagaye ta: yi na yi, bari na bari, aure ɗan haƙuri ne, abin da ya faru a ɗakinki kada a ji shi a waje. Ango fa? Abokai ne suke rako shi da raha da sayen baki, da wuya a samu dattijon da ya zaunar da shi ya yi masa kwatankwacin wannan faɗan. To an gaya wa ɗaya cewa iko shi ne so, an gaya wa ɗaya cewa shiru shi ne so, aka rufe musu ƙofa. Me ake jira ya faru?

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya samu cewa kashi 36 cikin ɗari na matan Najeriya da suka taɓa aure sun gamu da duka, ko tilastawa a shimfiɗa, ko cin zarafi da baki daga miji. Abin da ya fi ƙona mini rai a ciki shi ne kashi 28 na matan da kansu sun yarda miji yana da hujjar dukan matarsa a kan abu irin ƙona abinci, gardama, ko fita ba sanarwa. Mazan da suka ce haka kashi 21 ne. Ka ga ke nan faɗan daren kai amarya ya shiga, har ya fi zama a zukatan waɗanda ake duka. Fiye da rabin waɗanda aka cuta kuma ba su taɓa neman taimako ba. Dokar ma ta daɗe tana ɗaure wa abin gindi: sashe na 55 na kundin hukunta laifuka na Penal Code da Arewa ta gada tun wajen samun 'yancin kai ya bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Sai a 2015 aka sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP da ta haramta dukan abokin zama, ita ma sai jiha ta karɓa take aiki a cikinta. Kaduna da kake zaune ta karɓa a 2018.

Cikin maganganunka uku, ta kuɗin ce ta hana ni barci. Ka tuna abin da ya faru a Janbulo a Kano a watan Satumban 2022, lokacin da wani ɗan China ya shiga har gidan iyayen budurwarsa ya kashe ta da wuƙa. A kotu ya yi ta lissafa dukiyar da ya ce ya kashe mata, kuma a watan Maris na 2024 Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin rataya. Mutane sun samu sauƙin cewa ai baƙo ne. Amma da kunnena na ji 'ya'yanmu, Musulmi, masu sallah, suna cewa "ai ita ma ta ci kuɗinsa." Duk wanda ya iya faɗin haka a kan gawa, a ransa ya riga ya yarda cewa kyauta ciniki ce, wadda ta karɓa kuma ta zama kayansa. Toshi kyauta ce. Wayar da ka saya mata kyauta ce. Sadakin ma da Allah ya wajabta, Alƙur'ani cewa ya yi a ba su shi da daɗin rai, haƙƙinta ne. In ba za ka iya bayarwa ka manta ba, ka riƙe abinka.

Za ka ce mini kishi addini ne. Akwai hadisin da ya raba shi biyu: wanda Allah yake so, a inda akwai abin zargi na gaske, da wanda Allah yake ƙi, a inda babu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare don ya kama su da laifi ko ya bi diddigin kurakuransu. Binciken waya a ɓoye ai wannan ne, zamani kawai ya sauya masa kaya. Nana A'isha kuma ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

Ka koma ka karanta labarin Barira da Mugis a Bukhari, don ban san wani labarin so da ya fi shi ba. Da aka 'yanta Barira ta samu zaɓi, ta zaɓi rabuwa da mijinta. Mugis yana binta a titunan Madina, hawaye na zuba a gemunsa, har Annabi ya ce wa Abbas ko ba ya mamakin son da Mugis yake wa Barira da ƙin da take masa. Tausayi ya sa ya ce mata da ma ta koma. Ta tambaya, umarni ne? Ya ce a'a, ceto kawai nake yi. Ta ce ba ni da bukatarsa. Maganar ta ƙare a nan. Ba wanda ya ce ta yi butulci, ba wanda ya ce tsananin son Mugis ya ba shi haƙƙi a kanta. Baiwa ce jiya-jiya, ta ce a'a a gaban fiyayyen halitta, aka bar ta da a'arta. Kai wane ne da yarinya za ta ji tsoron gaya maka ta je biki?

Akwai kuma Faɗimatu 'yar Ƙais, da ta kawo shawarar masu neman aurenta. Annabi ya gaya mata ƙarara cewa Abu Jahm ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, wato mai dukan mata ne, ya nuna mata Usama. Bai rufa masa asiri ba don sahabi ne. Iyayen yarinyar nan za su yi bincike, watakila ta wajen ƙawayena tambayar za ta biyo. Ni na haife ka, ba wanda ya kai ni son ganin aurenka, amma ba zan yi wa 'yar mutane ƙarya ba. Ina da 'ya'ya mata, abin da ba zan yarda a yi wa ƙannenka ba, ba zan ɗaure maka gindi ka yi wa ta wani ba. Ina so in an tambaye ni in ce yarona mai sauƙin kai ne, kuma ya zama gaskiya na faɗa.

Don haka ka kira ta ka ba ta haƙuri, ba tare da "amma ke ma" ba. Ka ce ta sauya lambar sirrinta, kada ka sake nema. Maganar karatunta da aikinta ku gama ta yanzu a gaban manya, kada ka yi alkawari a waje ka warware a ɗaki. Sannan ka tambaye ta tsakani da Allah ko har yanzu tana son auren, ka yi shiru ka saurara. In ta ce ta fasa, zai yi ciwo, na sani, ka zo gida mu yi jinyar abin tare, ko tsinke ba za mu aika a karɓo ba. In kuma ka ga fushin nan yana fin ƙarfinka, ka faɗa mini, akwai likitoci da malaman da suka san aikin, neman su ba abin kunya ba ne.

Na roƙi Abbanku ya dakata da maganar sa rana zuwa bayan Sallah, ya amince. Ka zo ranar Juma'a mai zuwa, yana son ganinka bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya yi maka albarka, ya shirya mana ku baki ɗaya.

Wassalam,
Mahaifiyarka.