Kafin a ɗora wa mutum hannu a cocin Episcopal

Edita, salama a gare ka da abokan aikinka.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda cocin Episcopal ta Amurka ke keɓe sabbin firistocinta, don duk shekara hotunan bikin na yawo a Facebook, mutanenmu su yi ta zagi ko yabo a ƙarƙashi, ba mai tsayawa ya tambayi hanyar da waɗannan mutanen suka bi kafin su durƙusa gaban bishop. Ga wanda bai sani ba, Episcopal ita ce cocin Angilika ta can. Na san tsakaninta da Angilika ta Najeriya ba daɗi tun 2003 da suka naɗa Gene Robinson, wanda ya bayyana a fili cewa ɗan luwaɗi ne, bishop a New Hampshire, lokacin Akbishop Peter Akinola ne shugaba a nan, kuma ni ba lauyansu ba ne a wannan maganar. Amma saɓani a kan koyarwa ba zai sa in ƙi ganin abun da suka iya ba, kuma abun da suka iya shi ne ba sa yarda da maganar mutum shi kaɗai in ya ce Allah ya kira shi.

In ka ji kira a zuciyarka, wurin firist ɗin majami'arku za ka fara zuwa, a yawancin dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, sai a kafa maka kwamiti na 'yan majami'a, mutanen da suka san ka sun san iyalinka sun san yadda kake in ranka ya ɓaci, su yi watanni suna zama da kai suna yi maka tambayoyi, sannan sai kashi biyu cikin uku na dattawan majami'ar sun sa hannu a takarda kafin maganarka ta kai teburin bishop. Daga nan ga likita, ga likitan ƙwaƙwalwa, ga binciken ko ka taɓa aikata laifi, ga wani kwamitin na dayosis da shi ma zai juya ka ciki da bai. Sai an gama wannan ne za ka shiga makarantar tauhidi, yawanci shekara 3, irin ta Bajiniya da aka kafa a 1823 ko ta Sewanee a jihar Tenesi, kuma galibi sai an tura ka asibiti ka yi wata da watanni kana zama da marasa lafiya da masu mutuwa, wai a ga ko za ka iya rufe baki ka saurara. Abun da ya fi burge ni ma, doka ce ɗalibi ya riƙa rubuta wa bishop ɗinsa wasiƙa sau 4 a shekara yana faɗin halin da karatunsa da zuciyarsa ke ciki. Bayan jarrabawa sai a keɓe ka dikon tukuna, wato mataimakin firist, ka yi aƙalla wata 6 kana hidima, kuma ba a naɗa wanda bai kai shekara 24 ba firist.

Ranar bikin ma ba a gama ba. Mutum zai sa hannu a gaban jama'a cewa ya gaskata Tsohon Alkawari da Sabo maganar Allah ce, sai bishop ya juya ya ce duk wanda ya san wani laifi ko dalilin da zai hana a ci gaba ya fito ya faɗa, sai ya tambayi taron ko sun yarda, sai sun amsa sannan shi da sauran firistoci su ɗora hannu a kansa a ba shi Littafi Mai Tsarki.

To su wa ke bin wannan doguwar hanya? Da yawansu ba yara ba ne, sun riga sun ci rabin rayuwarsu a wani aikin. Katharine Jefferts Schori masaniyar kimiyyar teku ce mai digirin dakta, sai tana da shekara 40 aka keɓe ta a 1994, a 2006 ta zama shugabar cocin gaba ɗaya. Pauli Murray lauya ce kuma farfesa, ta ajiye aikin jami'a ta koma aji ta zauna da matasa, aka keɓe ta a Janairun 1977 tana da shekara 66, ita ce baƙar fata mace ta farko da ta zama firist a cocin, 'yan watanni bayan babban taronsu na 1976 ya amince da naɗa mata. Akwai masu shiga da ƙuruciya kam, Sean Rowe da aka zaɓa shugaba a 2024 ya zama bishop tun yana da shekara 32. Amma ni dai na fi natsuwa da wanda ya taɓa karɓar albashi ya ƙare kafin ƙarshen wata, ya taɓa shan faɗan oga, ya yi jinya ya binne nasa, irin wannan in matar da mijinta ya rasu ta zauna gabansa ba sai ya buɗe littafi ya nemo abun faɗa ba.

Kar a ce na mai da su mala'iku. Tsarin na cin kuɗi da lokaci, mai iyali da zai bar aiki shekara 3 ya kwashi yara zuwa wata jiha ba kowa ba ne, shi yasa talaka kan sare tun a hanya, wasu kuma su fito da bashi a wuya. Ga cocin ma tana raguwa, a shekarun 1960 membobinta sun haura miliyan 3, yanzu kusan miliyan ɗaya da rabi ne, majami'u da dama ba sa iya biyan firist cikakken albashi. Wannan ne ya sa dayosis ta Tekzas ta buɗe makarantar Iona, inda ɗalibai ke zuwa ƙarshen mako ɗaya a wata har shekara 3 suna riƙe da aikinsu, su fito su yi hidima a ƙananan majami'u ranar Litinin su koma ofis ko aji. Kuma duk tankaɗe da rairayar nan ba ta hana wani mugun ya sulale ya wuce ba lokaci-lokaci.

Duk da haka ka kwatanta da abun da muke gani a unguwanninmu, mutum ya kwana ya tashi ya ce an yi masa magana a mafarki, ya kama shago haya ya sayi lasifika ya buga fosta, kafin wata 3 ya zama bishop, ba wanda ya tambaye shi wa ya koya masa ko wa zai tsawata masa in ya kauce. Tsofaffin ikkilisiyoyinmu suna da nasu tsarin, Angilika na da makarantar St Francis a Wusasa, ECWA da COCIN da Katolika kowa da nasa makarantun, amma jama'a ba su san matakan ba balle su bambanta wanda aka tantance da wanda ya naɗa kansa. Shi yasa nake roƙonka Edita, ka tura ɗan jaridarka makarantar tauhidi ta Wusasa ko ta Bukuru ya zauna da malamai da ɗalibai, ya tambaye su shekara nawa ake yi, wa ke biyan kuɗin makaranta, wa ke da ikon cewa a'a, kuma aikin me ɗaliban suke yi kafin su zo, ku buga mana da Hausa.

Naka mai karatu,
daga Sabon Garin Zariya