Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Hukumar Matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UN-Habitat) Kan Ambaliya a Birane

Ranki ya daɗe, Uwargida Anacláudia Rossbach,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan ambaliyar da ke cinye birane, da inda kuɗin kare su ke tafiya.

Ke 'yar Brazil ce, ba sai an ba ki labarin Porto Alegre ba. Saboda ambaliyar 1941 aka kewaye birnin da katanga da ƙofofin tare ruwa da tashoshin famfo a shekarun 1970. Da ruwa ya zo a watan Mayun 2024, ƙofofin suka yi ta yoyo, famfuna da dama suka mutu, tsakiyar gari ta shafe makonni a nutse. Kayan aikin suna nan, kulawa ce babu. Shugabanni na son aikin da za a yanke masa kintinkiri, amma yashe magudana da sauya robar bakin ƙofa ba mai ɗaukarsu hoto, sai a bar su har ranar da sama ta tsage.

Gashi ruwan da kansa ya canza. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska na ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, ta sauke shi lokaci guda a kan kwalta da siminti, alhali da ruwan zamanin baya aka auna faɗin kwalbatocin.

Akwai biranen da suka farga. Bayan mamakon 2 ga Yulin 2011 ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Kopenhagen, babban birnin Denmark, hukumomi suka fito da tsari a 2012, suka gyara tituna da wuraren shaƙatawa yadda za su riƙe ruwa. Filin da yara ke ƙwallo da rani, shi ne tafki ranar mamako. A Nijmegen ta ƙasar Holan kuwa, ganuwar kogin Waal aka janye baya da mita 350 don ruwa ya samu wurin bazuwa, aka biya mutanen da aikin ya tasa. Wannan dabara ma tana da iyaka: Zhengzhou ta China ta kashe kuɗi a kan tsarin tsotse ruwa, amma a Yulin 2021 sama da milimita 200 suka zuba cikin awa ɗaya, mutane suka mutu a jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne talaka. Sama da mutum biliyan ɗaya ne ke zaune a unguwannin da ba a tsara ba, da yawansu a fadama da bakin rafi, don nan kaɗai ƙarfinsu ya kai. Sai a wayi gari an shafa wa gidajensu jan fenti, katafila ta rushe, su koma wata fadamar su sake kafa kwano, yayin da mai kuɗi ke cike tafki ya gina rukunin gidaje da takardar izini a hannu.

Ina roƙonki, duk birnin da ya nemi tallafinku, ku nemi ya fara fitar da taswirar hanyoyin ruwa a fili, wadda za ta hau kan kowa, ya kuma rubuta kuɗin gyara na kowace shekara a kasafinsa. Kada ku sa hannu a aikin da zai tashi iyali kafin a nuna musu fili a kan tudu, kusa da inda suke neman abinci.

Na gode, Allah Ya taya ki riƙo.

Naki,
Wani mazaunin birni