Rahoton Ayyukan Shekara: Binciken Fumfunar da ke Ɓoye Cikin Masara, Gyaɗa da Dawa

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga bayanin ayyukan kwamitin bincike na ƙungiyarmu daga girbin bara zuwa na bana.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi kan gwajin irin da kuka kawo, domin abin da ya fi damunmu shi ne fumfunar da ke zama cikin ƙwaya da kara alhali shuka tana nan kore shar. Haka Fusarium verticillioides take yi wa masara. Tana shiga ta iri ko ta gemun masara, ta yi lamo, sai fari ya matsa ko tsutsa ta huda goyo, sannan ta ruɓar da ƙwaya ta bar gubar fumonisin. Ido ba ya isa ya tantance irin da ke ɗauke da ita.

Ga yadda muka yi gwajin, don rassan da ke son maimaitawa. Ana dafa dankalin Turawa giram 200, a tace ruwan, a zuba sukarin gulukos giram 20 da garin aga (garin da ke sa ruwa ya daskare) giram 15, a cika lita 1. A turara a tukunyar matsin tururi, zafi digiri 121, minti 15. Ƙwayar kuma a tsoma ta minti 2 cikin bilic mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, a ɗauraye sau 3 da ruwan da aka turara, a jera a farantin da aka zuba wancan haɗin na dankali, a ajiye kwana 5 zuwa 7 a zafi digiri 25 zuwa 28. Fumfunar da ta tsiro bayan wannan wanki, galibi daga cikin ƙwayar ta fito. Farantan da muka yi asara, abu biyu ne ya jawo: ƙwayar da ta daɗe cikin bilic har fumfunar ciki ma ta mutu, da buɗe faranti a iska, inda baƙar fumfunar burodi kan mamaye komai cikin kwana biyu. Fusarium kan fito fari da ɗan shunayya, Aspergillus flavus kuwa kore mai ratsin rawaya.

Aspergillus flavus ɗin ita ce uwar gubar afulatoksin da ke jawo kansar hanta, wadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Saboda ita muka buɗe gonakin gwaji da Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ƙwayar dawa ce da aka gasa don kada ta tsiro, aka lulluɓe ta da nau'o'i 4 na ita wannan fumfunar marasa guba, aka rina ta shuɗi. Ana watsa kilo 10 a hekta 1, mako 2 zuwa 3 kafin fure, domin marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Inda aikin bai yi kyau ba, mun tarar an watsa a busasshiyar ƙasa, ko an yi noma bayan watsawa har ƙasa ta binne shi. A gama noma tukuna, a jira laima, a bar shi a sarari. Kuma mu faɗa ƙarara: Aflasafe ba ya maganin fumonisin.

Burtuntunar dawa ba ta ba mu wahala ba. Wadda muka fi gani a jikin iri take tafiya, kuma sacet ɗin maganin wanke iri na Apron Star mai giram 10 yana wanke iri kilo 4.

Shanya ce har yanzu rauninmu. Masara sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 kafin a ɗure, gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8, kuma a kan tamfol, ba a ƙasa ba. Wanda ba shi da ma'auni ya zuba masara da busasshen gishiri a kwalba ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura.

A shekara mai kamawa za mu bi samfuran har cikin rumbu. Kowane reshe ya kawo rabin mudu daga sama, tsakiya da ƙasan buhu, cikin ambulan takarda, domin leda tana tara gumi. A rubuta sunan iri, garin da aka noma shi da ranar girbi.

Kwamitin Bincike