Ciwon bayan tsoho da ƙarancin jini: a bincika ɓargo kafin a ce tsufa ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja hankalin ma'aikatan lafiya da masu jinyar iyaye. Idan dattijo ya haura 60, ga ciwon baya da ke hana shi barci, ga jini ya yi ƙasa, ko ƙashi ya karye ba tare da wata faɗuwar kirki ba, kuskure ne a sallame shi da maganin ƙarin jini a ce sanyin ƙashi ne. Haɗuwar waɗannan alamu na iya zama sankarar ɓargo da likitoci ke kira miyeloma, wadda ta fi kama baƙar fata kusan ninki biyu a kan Turawa.

Gwajin farko ba mai tsada ba ne: cikakken ƙidayar jini, ESR (gwajin saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini), sinadarin kalsiyam da aikin ƙoda. PCV (ma'aunin yawan jini) ƙasa da 30, ESR da ya kusa 100 ko ya wuce, kalsiyam sama da 11 mg/dL, ko kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda) sama da 2 mg/dL, duk sun isa a tura mara lafiya ga likitan jini, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika. Can za a yi gwajin rarrabe furotin na jini, a nemi furotin Bence Jones (wanda ƙwayoyin cutar ke fitarwa) a fitsari, sannan a zuƙo ɓargo. Ƙwayoyin filasma (nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki da cutar ke tasowa daga gare su) kashi 10 cikin ɗari ko fiye a ɓargo, tare da ɓarnar ƙashi, ƙoda ko jini, su ke tabbatar da cutar.

Ga inda aka fi tuntuɓe. Tsinken gwajin fitsari na yau da kullum ba ya ganin wannan furotin, sai a ce fitsari lafiya lau. Hoton ƙashi na X-ray kuma ba ya nuna ramukan da cutar ke yi a ƙashi sai kusan kashi 30 na ƙashin wurin ya zaizaye, don haka hoto mai kyau bai wanke mutum ba. Mafi muni shi ne diklofenak da ibuprofen da ake saya a kemis: ƙodar da furotin ya riga ya toshe, su suke ƙarasa ta. A tsaya kan farasitamol da yawan shan ruwa har likita ya gani. Mai ɗori ma ya dakata, domin ƙashin da ya rarake daga ciki ba ya ɗaukar ja da murɗa.

Ba kowa ne zai fito da miyeloma ba, domin wasu cututtukan ma na kawo irin waɗannan alamu. A duba PSA (gwajin sankarar mafitsara ta maza, wato prostate) ga maza, a duba mama ga mata, a tuna da tarin fuka na ƙashin baya, a kuma tambayi ko an daɗe ana shan maganin deksametason ko ana baƙin bahaya.

Amma idan ƙafafu suka fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsoho ya rikice ga ƙishirwa mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar, ko da sakamakon gwaji bai fito ba.

Daga wasu likitocin jini, Kano.