Wasiƙa zuwa ga Umma kan firij da firizar gida

Hambug, Jamus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Umma, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Ina nan lafiya, aiki alhamdu lillahi. Auta ta gaya mini firizar ta rage sanyi, kuma mai gyara ya ce a kawo kuɗi ya ƙara mata gas. Don Allah ku dakata tukuna. Sallah ta matso, nama zai shigo, shi ya sa na zauna na rubuto wannan dalla-dalla domin Auta ta karanta miki, ku bi shi a tsanake.

Gas ɗin firij ba ya ƙarewa kamar na girki. A cikin rufaffen bututu yake zagayawa, shekara goma ma yana nan yadda aka zuba shi. In ya ragu, to akwai huda, kuma wanda ya ƙara gas bai nemo hudar ya toshe ba, bayan 'yan makonni za ku sake kiransa. Sau da yawa ma ba gas ba ne. Ƙura ce, ko robar ƙofa, ko ƙanƙara da ta yi kauri, ko wuta mara ƙarfi, kuma duk waɗannan kuna iya duba su da kanku.

Ku fara da bayan firij ɗin. Aikinsa shi ne kwashe zafi daga ciki ya fitar waje, ta wannan baƙin ragar ƙarfe da ke bayansa. Ƙurar hunturun da ya wuce tana nan kwance a kanta, kin san yadda hazo yake yi mana a Jos daga Disamba zuwa Fabrairu. Ragar da ƙura ta rufe ba ta sakin zafi, sai kwamfuresa, wato injin firij ɗin, ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. A zare filogi daga soket, a janyo firij ɗin, a kakkaɓe ragar da busasshen buroshi mai laushi, irin na fenti, daga sama zuwa ƙasa. Kada a zuba ruwa. A share gefen kwamfuresa, wannan baƙar tukunyar da ke ƙasa, domin ɗuminta na jawo kyankyasai da ɓeraye, ɓera kuwa yana cin waya. Idan za a mayar, a bar tazarar kamar santimita 10 tsakaninsa da bango. Sau biyu a shekara ya isa, amma bayan hunturu dole ne.

Ita firizar kwance ba ta da raga a waje, bututun na cikin jikinta, shi ya sa kike jin gefenta da ɗumi. Lafiyarta ke nan. Sai dai Umma, wannan zanen da ake lulluɓa mata don kwalliya a cire shi, buhunan da aka jingina mata a matsar. Akwai 'yan tagogin iska ta gefen injin, su ma a goge su.

Ƙanƙarar da ke manne a bango idan ta kai kaurin rabin santimita, lokacin narkarwa ya yi. Mutane na ganin yawanta alamar sanyi ce, alhali tare sanyin take yi. A zare filogi, a kwashe kayan a zuba a kula ko babban baho a rufe da bargo, a bar murfi a buɗe. In ana sauri, a sa ruwan zafi a roba ko tukunya, a shimfiɗa tsumma a ƙasa a ɗora a kai, a rufe na minti goma sha biyar, a sake in ya huce. Ƙanƙarar za ta saki da kanta, a ture ta da abin kankarewa na roba ko muciya. A ƙasan firizar akwai toshe na fitar ruwa, a zare shi a tara kwano.

Abin da nake roƙo da babbar murya, kada kowa ya sa wuƙa ko sukundireba. Bututun gas yana nan daf da bangon, siririn alminiyom ne, tsini ɗaya ya huda shi. Daga nan gas ya fita, danshi ya shiga, gyaran ya zama babba. Kuma ku duba takardar da ke manne a bayanta: idan an rubuta R600a, wannan gas ɗin yana kama wuta. In har aka ji ƙarar fitar iska, a buɗe tagogi, kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin lantarki kusa da wurin.

Wankin ciki ba ya son ƙarfi. Cokali biyu na bekin soda a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, da soso mai laushi. Soson ƙarfe yana karce roba, datti ya samu wurin zama, sabulu mai ƙamshi kuma yana shiga cikin fura da nono. Farantan gilashin da ake jera kaya a kansu a bar su su huce daga sanyi kafin ruwan ɗumi ya taɓa su, in ba haka ba su tsage. A cikin firij, can ƙasa ta bangon baya, akwai ƙaramin rami da ruwa ke bi ya sauka cikin tire a kan kwamfuresa. Idan kun ga ruwa na taruwa ƙarƙashin aljihun kayan miya, ramin ne ya toshe. A zura tsinken auduga a hankali, a bi da ruwan ɗumi kaɗan. Tiren ma a duba, yawancin warin da ake rasa inda yake fitowa daga can ne. A goge ko'ina ya bushe kafin a kunna. Gawayi 'yan guda a ƙaramin kwano yana shanye sauran wari.

Robar ƙofa kuma, a sa takardar kuɗi a rufe ƙofar a kanta, a ja. In ta zame ba tare da turjiya ba, iska na shiga ta nan. A gwada kowane gefe. A wanke lungunan robar da tsohon buroshin haƙori, domin zoɓo da kunun aya da suka zuba su ke sa ta danƙo har ta yage. Wadda ta yage a canza ta kawai.

Wuta ita ce babbar damuwata. An yi injin ne don wuta 220 zuwa 240. Idan ta zo da rauni, za ki ji kwamfuresa na gurnani, sai ƙas, ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta sake. Ƙoƙarin tashi take ta kasa, kuma kowane yunƙuri zafi yake ƙara mata. A kashe nan take. In wutar na da ƙarfi amma ƙarar ba ta daina ba, yawanci rile ne, ƙaramin abu a gefen kwamfuresa mai sauƙin kuɗi, kada a yarda a ce sai an canza injin gaba ɗaya kafin a gwada shi. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan da nan, a jira minti biyar kafin a kunna. A cikin kuɗin da na turo, Yaya ya sayi sitabilaiza mai jinkirin tashi. Ƙaramin janareto ba zai iya tayar da firiza ba, domin lokacin tashi tana jan ninkin-ba-ninkin abin da take ci tana aiki. Hadarin damina in ya taso da tsawa, a zare filogin gaba ɗaya.

Naman layya kada a zuba shi tuli guda da ɗuminsa, na tsakiya zai lalace kafin sanyi ya kai gare shi. A bari ya sha iska, a raba kilo ɗaya ɗaya a leda, a baje shi, a jera a jikin bango. Firiza tana son digiri 18 ƙasa da sifili, firij kuma kada ya wuce digiri 4. In babu wuta kuma ba a buɗe ba, firij na riƙe sanyi kamar awa 4, cikakkiyar firiza kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya, don haka a cike gurbin da gorunan ruwa, a bar sarari a wuyansu saboda ruwa na kumbura in ya daskare. Naman da ya saki amma da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayarwa. Wanda ya narke sarai amma yana da sanyi a soya shi a ranar. Wanda ya yi ɗumi ya daɗe a haka, Umma, a haƙura da shi, lafiyarku ta fi.

Idan an yi duk wannan, aka ba firizar yini guda da wuta mai kyau sanyin bai dawo ba, sai a kira mai gyara, Yaya ya tsaya a kansa ya nuna inda hudar take kafin a biya. Auta ta ɗauko mini hoton takardar bayan firizar in ga lambar.

Ki gaishe mini da Baba da kyau, da Gwaggo, da su Yaya da yara, da maƙwabta. Ina neman addu'arki.

Wassalam,
Ɗanki.